Saniyar Tatsa da 'Yan Maruƙa: Wata Guda a Washington

Na bar Kano ranar Laraba 13 ga Yuli, 2022, kwana huɗu bayan Babbar Sallah. Matar ƙanena da ke zaune a jihar Maryland ta Amurka ce ta haihu, Hajiya kuma ƙafa ta hana ta doguwar tafiya, sai ta ce in je a madadinta in gano mata jikanya. Kafin tafiya na leƙa Wapa na canji 'yar guzuri, na tarar dala ta wuce naira 600 tana ta hawa. Kafin in dawo sai da ta taɓa 700.

Jirgina daga Abuja zai tashi, jirgin ƙasan Kaduna kuwa yana tsaye tun harin 28 ga Maris, don haka mota na shiga, naira 7,000 kujera. Daga Kano zuwa Zariya aikin hanya ne ya cinye mana safiya, a karkata nan a koma can. Da muka bar Kaduna sai hira ta mutu a motar. Wanda ya bi hanyar nan a wannan shekarar ya san shirun da ake yi tsakanin Rijana da Katari: kowa idonsa na kan daji, bakinsa na motsi. Shingen sojoji da na 'yan sanda na daina ƙirgawa bayan na goma. A wasu a ɗaga wa direba hannu ya wuce, a wasu a leƙo a ƙare mana kallo ɗaya bayan ɗaya. Wajen shiga Abuja ne aka fi tsanantawa, saboda kwana takwas kacal ke nan da fasa gidan yarin Kuje. An sa mu buɗe but, an zazzage jakata, wani soja ya ɗaga ƙullin kuka ya shinshina ya mayar. La'asar sakaliya muka isa Zuba.

A Lugbe na kwana gidan wani ɗan'uwa. A nan ne ƙanena ya bugo waya ya ce, "Yaya, don Allah in akwai nama a kayanka ka cire, ba a shiga da shi." Hajiya ta sa an yi kilishi da naman layya musamman saboda shi, haka na bar wa masu masaukina, raina bai so ba. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji su suka tsira. Washegari muka tashi zuwa Addis Ababa, muka sauya jirgi da dare, safiyar Juma'a muka sauka a filin jirgin Dulles da ke kusa da Washington.

Layin baƙi ya kai awa ɗaya da rabi. Jami'in ya duba biza da fuskata, ya tambayi wurin wa na zo, kwana nawa zan yi, me nake yi a gida, ya ɗauki hoton yatsu. Da na faɗa masa ina ɗauke da kayan miya sai aka tura ni wani layi, wata mata ta buɗe ƙullin daddawa, ta tambaya ko akwai nama a ciki, na ce ƙwayar ɗorawa ce, ta rufe ta miƙo mini. Ba wanda ya nemi ko kwabo.

Ƙanena ya zo tarata da babban ɗansa, yaro ɗan shekara 12 da ban taɓa gani ba sai a waya. Ya durƙusa ya ce, "Baffa, sannu da zuwa," da Hausarsa mai ɗan karkacewa. Yana sanye da jar riga, an rubuta SOTO a baya da lamba 22. Na ɗauka sunan kamfani ne. Daga filin jirgi muka bi babban titin da ya kewaye birnin muka isa Hyattsville, na yi wanka, muka wuce Juma'a a masallacin da Turkawa suka gina a Lanham. Da dare matar gidan ta yi tuwon semo da miyar kukar da na kawo, ƙanena ya ci har da ƙwalla. Abin da ya fara ba ni wahala shi ne rana: ƙarfe takwas da rabi na dare ba ta gama faɗuwa ba, isha'i kuma sai wajen goma.

Ranar Asabar na fito ƙofar gida na tarar da yaron zaune kan matakala ya haɗa kai da gwiwa. Na ce lafiya? Ya ce, "Baffa, za su sayar da Soto." Daga nan na shiga maganar da ta bi ni har ranar da na bar ƙasar.

Juan Soto ɗan wasan besbol ne, ɗan Jamhuriyar Dominika, a lokacin yana buga wa ƙungiyar birnin, Washington Nationals. Sun ɗauko shi a 2015 yana ɗan shekara 16 a kan dala miliyan 1.5, ya shigo babbar ƙungiya a 2018 yana da 19, a 2019 kuma ya taimaka suka doke Houston suka ci World Series, babban kofin gasar, wanda rabon birnin da shi tun 1924. Labarin da ya fasu ran nan shi ne ƙungiyar ta yi masa tayin dala miliyan 440 na shekara 15, ya ƙi, su kuma sun ce to ƙofa a buɗe take ga mai son ciniki. Na lissafa kuɗin da naira a raina, lissafin ya ƙi tsayuwa. Na ce wa ƙanena, wane irin yaro ne zai ƙi wannan? Ya ce, "Yaya, bari maƙwabcinmu ya fito, ka ji ta bakinsa."

Maƙwabcin wani dattijo ne Baƙar fata, haifaffen Washington, ya yi ritaya daga tuƙin bas. Shi ya koya wa yaron wasan, shi yake kai shi filin kallo. Ya zaunar da ni a barandarsa ya yi mini bayani a tsanake. Mutum tara ne kowane ɓangare. Mai jifa yana tsaye kan ɗan tudu yana wurgo ƙwallo, mai bugu yana jira da kulki, in ya doka sai ya ruga ya zagaye kusurwoyi huɗu ya dawo gida, shi ne ci ɗaya. In ya kaɗa ta ta tsallake katanga, ya ci kai tsaye. Zango tara ake yi, wasa 162 a shekara. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai ba a fili yake ba. A wannan wasa ba kasafai ake sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar yadda Real Madrid ke yi ba. Musaya ake yi, ban gishiri in ba ka manda: ka ba ni gwaninka ɗaya, in ba ka matasana huɗu ko biyar. Kuma ɗan wasa ba shi da ta cewa sai ya cika shekara shida a babbar gasa, sannan ya zama mai 'yancin zaɓar inda zai je. Soto saura masa har ƙarshen 2024. Wakilinsa, Scott Boras, ya yi suna wajen kai 'yan wasansa kasuwa maimakon su sa hannu da wuri. In aka raba miliyan 440 gida 15, bai kai miliyan 30 a shekara ba, alhali akwai waɗanda ba su kai shi ƙuruciya ba suna karɓar fiye da haka. Dattijon ya ce, "Yaron bai yi laifi ba. Ya san darajarsa."

Daren Lahadi 17 ga wata aka yi zaɓen matasa, abin da suke kira diraft, aka nuna shi kai tsaye daga Los Angeles. Dattijon ya tara mutane a ɗakinsa na ƙasa: mu uku, da surukinsa, da wani matashi abokin aikin ƙanena, mutumin lissafi, wanda ba ya magana sai da waya a hannu. Tsarin a lokacin shi ne ƙungiyoyi 30 su riƙa ɗaukar yaran sakandare da na jami'a bi da bi, har zagaye 20, kuma wadda ta fi kowa shan kashi bara ita ke fara zaɓe. Baltimore ta fara, ta ɗauki Jackson Holliday. Arizona ta ɗauki Druw Jones. Da Texas ta kira sunan Kumar Rocker a na uku sai ɗakin ya ɗauki hayaniya, don ba wanda ya zata. Washington ce ta biyar, saboda bara ta sha kashi sau 97. Suka ɗauki Elijah Green, ɗan shekara 18 daga wata makarantar wasanni a Florida, wanda mahaifinsa ya buga ƙwallon Amurka ta zari-ruga.

Nan gardama ta kaure. Surukin ya miƙe yana tafi, ya ce a duk yaran bana ba mai ƙarfin Green da gudunsa, in ya nuna za a manta da Soto. Matashin nan ya girgiza kai ya ce yaron yana yawan kai duka ya sami iska, kuma wannan cuta ce da ba kasafai take warkewa ba. Ga Brooks Lee da Kevin Parada, 'yan jami'a da aka ga kamun ludayinsu, an bar su an ɗauki caca. Surukin ya ce wanda ke tsoron caca ba ya samun gwani. Matashin ya ce rabon ƙungiyar nan da ta raini yaron da ta zaɓa har ya zama wani abu an daɗe, sai ka ce gonar ce ba ta da taki. Suka yi ta yi har sha ɗaya na dare, a kan yaron da ba ɗayansu da ya taɓa ganinsa ido da ido. Daga baya na ji an ba shi dala miliyan 6.5 kuɗin sa hannu. Ni dai abin da ya zo mini a rai shi ne sayen kifi a ruwa.

Na tambaye su, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe fa, wace gasa take faɗawa? Suka kalle ni ba su gane ba. Ba a faɗuwa. Ko wasa 100 ka sha kashi, baɗi kana nan, har ma a ba ka tukuicin fara zaɓe. Haka Washington ta samu Stephen Strasburg a 2009 da Bryce Harper a 2010, bayan shekara biyu a jere tana shan kashi sama da 100. Na ba su labarin cewa a cikin watan nan da muke ciki Kano Pillars, mai kofin Najeriya huɗu, ta faɗa gasa ta ƙasa, kuma garinmu kamar an yi mutuwa. Matashin ya ce tsarinsu ya fi adalci, don ƙaramin gari ma yana da ranar da zai ɗaga kai. Na yarda da rabin maganarsa. Amma na ce masa a inda ake faɗuwa, mai ƙungiya yana jin zafin rashin nasara a jikinsa. A nan kuwa zai iya zubar da shekara uku da gangan, aljihunsa bai girgiza ba. Ya amsa cewa an lura da haka, shi ya sa daga baɗi gurabe shida na farko da ƙuri'a za a raba su. Dattijon bai ce komai ba, sai murmushi.

Washegari Soto ya ci gasar tsallakar da ƙwallo katanga a filin Dodgers, yaron ya yi ta tsalle a falo yana cewa yanzu ba za su iya rabuwa da shi ba.

Makonni biyun da suka biyo baya na zaga gari. Katin jirgin ƙarƙashin ƙasa dala 2 ne, sai ka riƙa zuba masa kuɗi. Gidajen tarihin da ke tsakanin majalisa da dogon hasumiyar Washington kyauta ake shiga, abin da ya ba ni mamaki a ƙasar da ruwan sha ma sai da kuɗi. Na ci injera da naman rago a wani gidan abincin Habashawa a Silver Spring, dala 22 kwano, na tuna da sinasir ɗinmu sai dai nasu ya fi tsami. Zafin garin irin na Legas ne, mai naso, ba irin na Kano ba. Ko'ina na shiga kuwa maganar Soto ake yi: a rediyon mota, a layin kanti, har a shagon aski, inda wanzamin, ɗan Dominika, ya tsaya da injin a hannu ya ce mini su a ƙasarsu ba a yi wa yaro diraft, tun yana ɗan 16 ake sa masa hannu a kan abin da aka ga dama, to me ya sa ranar da kasuwa ta juyo wajensa za a ce ya yi rangwame? Askin dala 25.

Talata 2 ga Agusta ita ce ranar rufe musaya, ƙarfe shida na yamma. Dama dattijon ya saya mana tikitin wasan daren da New York Mets. Wajen azahar labari ya fito: Soto da Josh Bell sun tafi San Diego Padres. Washington ta karɓi mutum shida: MacKenzie Gore, CJ Abrams, Robert Hassell, James Wood, Jarlin Susana, da Luke Voit. Da farko ma wani ɗan wasa ne mai suna Eric Hosmer aka sa a cinikin, ya ce bai zuwa, don yarjejeniyarsa ta ba shi wannan dama, aka maye gurbinsa da Voit. Soto ba shi da irin wannan takarda. Yaron ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Uwarsa ta ce a ƙyale shi. Ƙarfe biyar ya fito da rigarsa mai lamba 22, idonsa ja, ya ce, "Baffa, mu tafi."

Muka hau koren layi zuwa tashar Navy Yard. Filin yana bakin kogin Anacostia, an buɗe shi a 2008. A ƙofa aka bi da mu ta na'urar bincike, ba a shiga da babbar jaka, ciki kuma ba a karɓar tsabar kuɗi sai kati. Tikitinmu na can sama dala 24 kowanne, robar ruwa kusan dala 6, wato sama da naira 4,000 a canjin ranar. Gyaɗa mai ɓawo da soyayyen dankali na tsaya a kai, don tsiran da suke sayarwa akwai naman alade a ciki. Kafin mu hau, dattijon ya ja ni wajen wani mutum-mutumi ya ce wannan Josh Gibson ne, gwanin da bai taɓa buga babbar gasa ba saboda launin fatarsa. Mahaifin dattijon ya kalli wasan Gibson a tsohon filin Griffith, inda asibitin jami'ar Howard yake yanzu. Sannan ya ba ni nasa labarin. Sau biyu ana ɗauke wa garin nan ƙungiya ɗungurungum: ta farko ta koma Minnesota bayan kakar 1960, ta biyu ta koma Texas bayan 1971, yana saurayi. Shekara 33 ba su da ƙungiya, sai 2005 da aka kawo musu ta Montreal. Ya ce, "Na ga an tafi da gida gaba ɗaya. Amma na yau ya fi mini ciwo, don wannan yaron a gabanmu ya girma."

Magoya bayan Mets sun fi na gida yawa a daren, sun zo kallon gwanin jifansu Jacob deGrom da ya dawo daga jinya. Masu jar riga kuwa, in ka duba bayansu, sunayen waɗanda suka tafi ne: Harper da ya koma Philadelphia a 2019 kan miliyan 330, Rendon da ya tafi bayan cin kofi, Scherzer da Turner da aka musanya wa Dodgers bara, ga kuma Soto, Soto, Soto. Ba a cika shekara uku da cin kofi ba, an watse. Sai ga wani abin da ba wanda ya shirya masa. An kira wani ɗan Meziko mai suna Joey Meneses ya cike gurbi, mutum ɗan shekara 30 da ya shafe sama da shekara goma a ƙananan gasa bai taɓa taka babbar ba. A daren farkonsa ya kaɗa ƙwallo ta tsallake katanga. Washington ta ci 5 da 1. Na ga dattijon ya miƙe yana ihu, yaron ma ya tashi, sannan ya tuna ya koma ya zauna.

A jirgin komawa muka haɗu da matashin nan mai lissafi, aka dasa daga inda aka tsaya. Ya ce a yi wa Mike Rizzo, mai kula da cinikin 'yan wasan ƙungiyar a lokacin, adalci. Da Soton ma su ne na ƙarshe a duk ƙungiyoyi 30. Mutum ɗaya ba ya ɗaukar ƙungiyar besbol, don sau huɗu ko biyar kawai yake riƙe kulki a wasa. In an jira 2024 zai tafi a banza, yau kuwa an karɓo matasa biyar da kowace ƙungiya ke kwaɗayi. Dattijon ya ce matasa alkawari ne, Soto kuwa an gani. Ya ce shekararsa 23, kusan sa'an waɗanda aka karɓo ne, to wane gobe ake nema da ya wuce shi? Kuma kowa ya san iyalan Lerner, masu ƙungiyar, tun watan Afrilu suka ce suna duba yiwuwar sayar da ita; wanda ke shirin sayar da gida ba ya son babban bashi a kansa. Matashin ya ce miliyan 245 da aka ba Strasburg fa, ga shi ciwo ya hana shi wasa, ba darasi ba ne? Wata mata da ke tsaye kusa da mu, wadda ba mu sani ba, ta sa baki ta ce ita dai tikitin shekara take saya tun 2008, kuma ba wanda ya taɓa rage mata farashi don ana gini.

Suka juyo suka ce in faɗi nawa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, fataucin shanu ya yi, na tashi ina bin sa kara a Wudil ranar Juma'a. Na sha ganin makiyayi ya kawo saniyar tatsa ya sayar ya sayi 'yan maruƙa huɗu, kuma sau da yawa lissafinsa daidai ne: bayan shekara huɗu garkensa ya fi na da. Amma Baba ya kan tambayi irin wannan mutum abu ɗaya kafin a shiga ciniki, wa zai sha nono a gidanka kafin su girma? Don ya san ba mai sayarwar ne zai kwana da yunwa ba, yara ne. Kuma ya san a cikin maruƙa huɗu wani zai mutu, wani ba zai yi auki ba. Na ce musu ban isa in ce Rizzo ya yi kuskure ba, mai yiwuwa ma shi ne ya yi abin da ya rage masa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce wa mutane su yi haƙuri kamar haƙurin kyauta ne. Masu ƙungiya sun rage kashe kuɗi, za a ba su zaɓe na gaba-gaba, ba inda za su faɗa. Mai biyan farashin ga shi nan zaune kusa da ni da lamba 22 a baya. Ƙanena ya fassara musu abin da Turancina ya gaza. Matashin ya yi shiru, sannan ya ce duk da haka shi zai sake yin cinikin. Na ji daɗin da bai janye ba, don da gaskiyarsa yake magana.

Ranar Juma'a 12 ga Agusta San Diego ta zo Washington, kwana goma kacal da tafiyarsa. Muka koma. Aka nuna hotunansa a babban allo, da ya fito bugu filin ya miƙe tsaye ana tafi, ya cire hular kwanonsa ya ɗaga wa mutane. Ban ji ko mutum ɗaya ya yi masa ihun tsiya ba. A wurinmu ɗan wasan da ya bar ka ya dawo da rigar wasu, sai an yi da gaske kafin ya fita lafiya.

Bayan wannan dattijon ya ce tunda an sayi maruƙan, mu je mu gan su. Muka ɗauki hanyar I-95 zuwa Fredericksburg a jihar Virginia, tafiyar mil 50 da cunkoso ya mayar kusan awa biyu. Ba shinge ko ɗaya a hanya, sai kyamarori da allunan kuɗin titi. A can ƙaramar ƙungiyar Nationals take, matakin farko cikin huɗu da yaro zai hau: daga nan sai Wilmington, sai Harrisburg, sai Rochester, kafin Washington. Filin ɗan ƙarami ne, tikiti dala 15, iyalai da yara sun cika shi, kana jin maganar 'yan wasa daga inda kake zaune. Muka ga James Wood, ɗan shekara 19, dogo sosai har sauran suna kama da ƙannensa, kuma ɗan Maryland ne, gida aka dawo da shi. Wani mai sayar da lemo ya gaya mini yawancin yaran nan dala 500 suke karɓa a mako, a lokacin kakar wasa kaɗai, kuma sai bana aka fara ba su masauki. Na kalli su ashirin da wani abu da ke cikin rumfa, na san mafi yawansu ba za su taɓa ganin filin bakin Anacostia ba sai dai da tikiti.

Bayan wasa yaron ya tsaya a bakin waya da ƙwallo da biro, ya samu sa hannun mutum uku. A mota muna dawowa, dare ya yi, ya daɗe yana juya ƙwallon, sannan ya ce, "Baffa, shi ma Wood ɗin in ya zama gwani za su sayar da shi?" Na dubi dattijon, shi kuma ya dubi hanya. Can ya ce masa shekara shida dai tasu ce, su kalle shi sosai.

Na taso ranar 22 ga Agusta. Hajiya na ɗauko mata hotunan jaririya da maganin ƙafa da takalmi mai laushi. Daren da zan tafi yaron ya shigo ɗakina da jar rigar nan a ninke, ya ce in kai wa ɗana, sa'ansa ne, shi ta fara yi masa kaɗan. Ubansa ya ce zai saya masa wata, ya tambaye shi sunan wa za a sa a baya. Ya ce a bar ta haka tukuna.

Daga Abuja na sake bin mota, kuɗin ya ƙaru da naira 1,000, shingayen suna nan inda na bar su. Ruwa ya tare mu daga Kwanar Dangora har cikin gari, gero ya yi kai a gonaki. Bayan isha'i na isa gida. Washegari da yamma na hango ɗana a filin makarantar layinmu yana tsaron gida da rigar, yara suna kiransa Soto, suna tambayata ko a wace ƙungiyar Sifen yake bugawa.